Yadda na tayar da tsohon eto na injin huda ƙarfe, da yadda kai ma za ka gyara naka

Eto ɗin da nake magana ba wancan babba ba ne da ake kafewa a kan tebur a garaji ana dukan shi da guduma, a'a, ƙaramin nan ne mai kwanciya, mai faɗin ƙasa, wanda ake ɗorawa a kan farantin persez na tsaye, wato injin huda, don ya riƙe maka ƙarfe lokacin da mesh, tsinken da ke hudawa, ke shiga. Mu nan Damagaram eto muke ce mishi, in ka gangara wajen Kano za ka ji ana cewa bayis, duk abu ɗaya ne. Nawa a Kasuwar Dole na tsince shi wata ranar Alhamis, cikin tarkacen wani dattijo mai shimfiɗa kayan gwanjo a ƙasa, faɗin bakin shi milimita 100, ya yi ja wur da tsatsa kuma hannun ko motsi ba ya yi. Na ce Baba nawa, ya ce ɗana ɗauki ka ji nauyi tukunna, kuma gaskiyar shi ne don nauyin shi ya sa na saya, irin sababbin nan da ake kawowa yanzu in ka ɗaga kamar ka ɗaga kwanon sha.

Kafin ka ba da kuɗi akwai abin da za ka duba a nan tsugune, don akwai lalacewar da ake gyarawa akwai wadda sai dai a kai ma masu awon ƙarfe. Jikin eto fonti ne, wato ƙarfen zubi, shi kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Riƙe shi a sama da yatsu ko ka rataye shi da igiya, ka ɗan ƙwanƙwasa da kile, wato sifana, in ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa to da alama lafiya, in ya ce "ƙwal" ya mutu nan take ka ƙara dubawa da kyau. Wurare biyu ne suka fi tsagewa, gindin bakin da ba ya motsi inda ya haɗu da jiki, da kuma kunnuwan nan na gefe inda ake sa bulon a ɗaure shi da faranti. Kunne ɗaya da ya ɓalle ana zama da shi. Tsaga a gindin baki kuwa ni dai ba na saye ko kyauta ce, saboda sudur ɗin fonti ba na kowane mai walda ba ne, sai da bagit, wato sandar walda, ta nikel, a gasa ƙarfen kafin a fara, a binne shi cikin toka ko yashi ya huce a hankali, kuma bayan duk wannan wahala kana matse abu da ƙarfi ya sake buɗewa. Sai ka duba babban bis ɗin, wato dogon ƙarfen nan mai zare da hannun ke juyawa ya tura baki, ka kankare tsatsar da farce ko ƙusa ka ga ko zaren yana nan da kaurin shi ko ya cinye ya yi kaifi kamar wuƙa. Ramukan da wani ya huda a tsakiyar jiki bisa kuskure, waɗannan kar su dame ka, kusan duk tsohon eto yana da su, tabon aiki ne.

Da ka kawo gida kar ka kama hannun ka ce sai ka murɗa shi da ƙarfi, kuma don Allah kar ka zura mishi tiyo don ƙara tsawo, haka ake lanƙwasa bis. Samu tsohon bido ka yanke kan shi, ka sa eto ciki ka zuba gazuwal har ya nutse, ko kalanzir in shi ke gare ka, ka rufe ka manta da shi kwana biyu ko uku. Ni nawa kwana huɗu ya yi don na shiga wata hidimar suna na manta shi gaba ɗaya. Da na fito da shi na sa katako a kan bakin mai tafiya na ɗan bubbuga da guduma a hankali, katakon ne ke shan dukan ba ƙarfen ba, sannan na riƙa juya hannun gaba kaɗan baya kaɗan, gaba baya, har na ji ya saki. A wannan lokacin ma za ka iya gwajin tsaga na gaskiya: goge shi ya bushe sarai, ka murza allin makaranta a wuraren da kake zargi, ka bar shi ɗan lokaci, in akwai tsaga man da ya shige ciki zai fito ya zana maka layi a kan allin.

Kwancewa ba wuya amma ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, da kuma bayan kowane abu da ka cire. Juya shi ciki sama, za ka ga wani ɗan faranti a ƙarƙashin bakin mai tafiya ɗaure da bulon ɗaya ko biyu, shi ke hana bakin tashi sama, ka riƙe wannan a ranka don za mu dawo kan shi, shi ne duk labarin. Cire shi. Sai ka nemi abin da ya riƙe kan babban bis cikin bakin, wani lokaci ɗan ƙaramin bis ne ta sama ko ta gefe, wani lokaci ƙusa ce aka soka, yawanci datti ya binne ta sai ka tono da tsinke. In ta fita, ka juya hannun baya har bis ɗin ya fito duka, bakin kuma ya zame. Ƙananan kayan duk cikin gwangwanin tumatir, ka ɗaga shi sama, yaran gida ba su san bambancin rondal, wato zoben da ake sa ma bulon, da abin wasa ba.

Inda za ka sha wuya shi ne bisoshin haƙora, wato farantan ƙarfen nan biyu da ke manne a fuskar kowane baki. Kawunansu galibi an riga an cinye su. Share ramin kan da tsinin ƙusa har ƙasa, ka samu turnabis da ya cika ramin daidai ba ƙarami ba, ka dasa shi ka doka gindin shi da guduma sau biyu uku, sannan ka danna da nauyin jikin ka kana juyawa. In ya ƙi, ɗan zafi yana taimako, ka ɗora shi a bakin murhun gawayi ya ɗumama amma ba ya yi ja ba, kuma sai ka tabbata gazuwal ya bushe tukunna. In har yanzu ya ƙi to ka huda kan bis ɗin da mesh har kan ya ɓalle, farantin ya fita, guntun da ya rage a waje ka kama da pensi mai kullewa. Ɗaya daga cikin nawa a ciki ya karye, dole na huda na sake yanka zare. Lissafin ba ya canzawa: bis M5, wato mai kaurin milimita 5, mesh na milimita 4.2, M6 mesh 5, M8 mesh 6.8, sannan taro, wato ƙarfen yanka zare cikin rami. Fonti ba ya son mai wajen yanka zare, a bushe ake yin shi, garin baƙi ne zai riƙa fitowa kana hurewa. Amma ka gwada bulon da hannu kafin ka yanke hukunci, wasu tsofaffin na Ingila ko Amurka zarensu na inci ne, M6 zai shiga zagaye ɗaya biyu ya tsaya, in ka tilasta ka ɓata ramin.

Yanzu tsatsa. Da farko wanke man da Omo da ruwan zafi, don ba abin da ke cin tsatsa ta saman maiƙo. Mun san halin ruwa a garin nan, ba sai ka ɓarnatar da na garuwa ba, bokiti ɗaya ya isa in ka fara goge man da tsumma da yashi. Hanya mafi sauƙi binegar ce ta butiki, ka nutsa kayan awa 12, ka fito ka goge da buros na ƙarfe, in da saura ka mayar, amma kar ya wuce kwana ɗaya don tsamin ba ya tsayawa a tsatsa, yana shiga ƙarfen ya bar maka fuska mai ƙuraje da baƙin gari. In binegar ta yi tsada jiƙa tsamiya mai kauri ko ka matse lemun tsami, irin yadda mata ke yi ma tukunya, yana yi amma da jinkiri. Babban bis ɗin ni ba na bari ya kwana a tsami, awa biyu uku sai buros, saboda duk abin da ya ci a zare ba ya dawowa. Bayan tsami dole ka kashe shi, a nan kanwa ke aiki, ka jiƙa ta a ruwa ka tsoma kayan minti goma ka ɗauraye. Wani zai ce maka ya fi sauri da ruwan batir, wato asid, kar ka saurare shi, yana cin ƙarfen yana cin hannu yana cin ido.

Hanyar da na fi so ita ce ta wutar lantarki, don ita ba ta taɓa lafiyayyen ƙarfe, tsatsa da tsohon fenti kawai take ɓamɓarewa. Bokitin roba, ruwa, garin bikarbonat da ka soya a busasshen kasko har ya daina tsalle, babban cokali ɗaya ga lita huɗu. Guntayen rodin gini biyu ko uku a tsaye a gefen bokiti ka haɗa su da waya. Jikin eto a tsakiya rataye da wayar ƙarfe, kar ya taɓa rodin. Baƙar waya ta sharjar batir a kan eto, jar waya a kan rodi, in ka juya su to eto ɗin ka ne zai cinye, ka sake karanta wannan. Da ka sa wuta za ka ga ƙananan kumfa na tashi, ka bar shi yini ɗaya. Matsalar kuran ɗin Nijelek da ke zuwa yana tafiya ni na kauce mata da ƙaramin panon sola, na haɗa kai tsaye, rana ta fito aiki ya tashi rana ta faɗi ya tsaya, kwana biyu ya gama, kuma dama sababbin sharja masu wayo ba sa ba da wuta in ba su ji batir ba. Abu uku: a tsakar gida ake yi ba cikin ɗaki ba don iskar da ke fita tana kama wuta, kar ka sa inoks, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, maimakon rodi don yana mai da ruwan guba, kuma kar ka sa gishiri. Shi ya sa ban ce ka zuba kanwa a nan ba, kanwar kasuwa sau da yawa da gishiri a cikinta.

Yana fitowa daga ruwa ka goge baƙin da buros, ka ɗauraye, ka ɗora shi kan kwanon rufi ko dutse a rana. Fonti tsirara cikin mintoci yake fara yin ja, to amma ranar Zinder ta fi shi sauri, rabin awa ya bushe har cikin ramuka, lokacin bazara ma sai da tsumma za ka ɗauke shi.

Yawancin mutane a nan suke fenti su ɗaure su ɗauki hoto, alhali ba a fara gyaran ba. Eto mai ƙyalli da ke ɗaga aiki sama in an matse, ramin ka zai fita a karkace, mesh ya karye. To fara da ƙasan shi. Samu gilashi mai kauri, guntun na tebur ko na taga milimita 6 zuwa sama, ka shimfiɗa a wuri mai lebur, ka ɗora eto ka danna kusurwa kusurwa ka ji ko yana rawa. Manna takardar yashi lamba 120 a kan gilashin, ka zazzana ƙasan eto da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ka riƙa goga shi kana zana 8, hannu biyu, nauyi daidai. Inda makan ya goge nan ne tudu, inda ya rage nan ne kwari. Ba dole sai duk ya goge ba, in kusurwa huɗu da kewayen kunnuwa sun zauna ya isa, ka ƙarasa da lamba 220. Saman jiki inda baki ke zamewa kuwa a hankali, magagari mai laushi a kwance, ka share 'yan tudun da dukan guduma da mesh suka tayar kawai, kar ka ce sai ka kai ƙasan kowane rami. Ramukan in suna ba ka haushi ka cika da epoksi mai garin ƙarfe, irin mai tub biyu da ake haɗawa, ya kwana ka share. Ni biyu na cika na bar sauran.

Sai farantin nan na ƙasa. Mai da bakin mai tafiya ka ɗaure farantin ba tare da babban bis ba, ka kama bakin ka ɗaga sama ka girgiza. In kana jin ƙwas ƙwas to wasa ya yi yawa, wannan wasan ne ke sa in ka matse ƙarfe bakin ya hau sama ya ɗauki aikin da shi. Cire farantin ka duba, sau da yawa ya lanƙwashe ko ya cinye a gefe biyu inda yake gogar jiki, wani lokaci juya shi kawai za ka yi ɗaya fuskar, in ba haka ba ka yanka sabo daga ƙarfe mai kauri milimita 5 ko 6. In har yanzu da wasa, harshen bakin da ke ratsa jiki ya fi tsawo, sai ka rage shi da magagari, shafa biyar ka ɗaura ka gwada, shafa biyar ka ɗaura ka gwada, wallahi ni sau tara na kwance na ɗaura a daren nan har uwargida ta leƙo zaure ta ce Malam wai ƙarfen nan bashi ka ci mishi ne. In ka zarce bakin ya cije ya ƙi tafiya kar ka tsorata, yanka gwangwanin lemo ka sa tsakanin harshe da faranti, kaurin shi wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ɗaya ko biyu ya gyara. Abin da kake nema shi ne baki ya tafi daga farko zuwa ƙarshe da turin yatsa biyu amma in ka ɗaga kar ka ji komai. Ka lura tsohon eto ya fi cinyewa kusa da bakin da ba ya motsi don nan aka fi aiki, saboda haka zai ɗan yi sako-sako a gaba ya matse a baya, ka daidaita da wurin da ya fi matsewa, ka ɗan share ƙarƙashin jiki a can in ya cancanta.

Haƙoran ka goga bayansu a kan gilashi, ka share mazauninsu tas don ƙwayar yashi ɗaya a baya ta isa ta karkata su. Ka sa sababbin bis daga kankayeri, wato shagon kayan ƙarfe, masu kan alan sun fi, ka tabbata kan ya nutse bai fito ya taɓa aiki ba. Gwaji: yanka takarda siririya guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka rufe bakin a hankali ka ja, in ɗaya ta kama ɗaya ta zare to ka sa gwangwani a bayan haƙorin baki mai tafiya ta gefen da ya saki. Na baki mai zama kar ka cika wasa da shi, shi ne ma'aunin ka, ka ɗora ekar, wato ƙarfen awon kusurwa mai siffar L, ka ga ya tsaya cak a kan jiki. In haƙoran ka suna da tsagin nan mai kama da V kar ka share shi, na riƙe tiyo da rodi ne.

Babban bis ka mirgina shi a kan gilashin, in yana tsalle ya lanƙwashe. Ɗan lanƙwasa ana miƙewa, ka ɗora shi kan katako biyu tudun yana sama ka bubbuga da guduma ta kan wani katakon. Zaren ka share da igiya, ka naɗa ta cikin kwarin ka ja gaba da baya. In ya mutu gaba ɗaya kar ka je ka sayo dogon bulon na kankayeri ka ce zai shiga, zaren eto mai faɗin kai ne, kusurwar shi digiri 30 a na Turai, 29 a na inci, na bulon kuwa 60, ba sa haɗuwa. Ko ka kai ma mai tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, ya yanka maka sabo da tsohon a hannu, ko ka nemi tsohon kirik na mota irin mai almakashi wurin masu tarkace, bis ɗin shi da ekurun shi, wato notin da bis ke shiga, irin wannan zaren ne, a gyara mazauni a dasa su tare.

Fenti ba ni da dogon zance a kai. Goge da esansi, rufe ƙasa da hanyar zamewa da ramin zare da sikoc, antiruy, wato fentin hana tsatsa, shafa ɗaya, fentin mai shafa biyu, da sassafe kafin iska ta tashi. In hunturu ne ka kifa mishi kwali, in ba haka ba ka samu fenti mai yashi.

Wajen mai ne nake saɓa ma abin da za ka gani a bidiyon Turawa, su suna cusa giris har yana zuba. Can ba su da ƙurarmu. Nan giris ya haɗu da ƙurar hunturu da garin ƙarfe, cikin sati biyu ya zama kamar man goge bawul, kana juya hannu kana cinye zaren da kanka. Ni ɗigon man mota nake sa ma bis in goge har sai ya kusa bushewa, hanyar zamewa kuma kyandir nake murzawa ko bakin fensir, ɗan giris kaɗan a kan bis inda ya shiga cikin baki don nan a rufe yake. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, nake ƙara shafa mai a duk inda ba fenti.

Ɗorawa kan persez, bulon biyu M10 ko M12 gwargwadon tsagin farantin ka, da rondal masu faɗi don kar su fasa kunnen, kuma ba sai ka hau kile da ƙafa ba. Sa miƙaƙƙen rodi mai santsi a mandaran, wato bakin injin da ke riƙe mesh, ka sauko da shi, ka jingina ekar ta gaba da ta gefe, in ka ga haske to kafin ka zargi eto duba farantin injin, sau da yawa shi ne ya karkace. Na san akwai ƙyuyar ɗaure bulon don rami ɗaya tak, to daidai lokacin da mesh zai ɓulla ƙasa yake cafkar ƙarfe, eto mai kilo uku ya zama majajjawa, ni ya taɓa dukan bayan hannuna da mesh 12 sati guda ban riƙe alƙalami daidai ba. Sa guntun katako ƙarƙashin aikin don kar ka ƙara ma jikin sabon rami, naɗe hannun riga, safar hannu kuma cire ta, in kana da rawani ko gyale a wuya ajiye shi a ƙofa. Nawa yanzu wata na bakwai ke nan yana aiki, na ɗinka mishi ɗan rufi da ƙafar tsohon wando ina jefa mishi in na tashi, abin da ya rage kawai ƙwallon gefe ɗaya na hannun da ya ɓace tun wurin Baba, na murɗa ekuru M8 a wurin na dake bakin, har yau yana ɗan cizon tafin hannu in na matse da ƙarfi.